An kwashe mani yawur, an kuma ɗauke mani etiket, wace doka ce tawa?

Maman Iklima: Assalamu alaikum ƴan uwa, ina gajiyarku. Dan Allah masu ilimin doka ku ba ni shawara, kwana ukku ke nan ban yi barcin kirki ba. Kamar yadda wasunku sunka sani yawur nike yi da zoɓo da lemun tsamiya cikin gida nan unguwar Zariya ta Maradi, shekara huɗu ke nan, yara na kai ma masu butik. Satin da ya wuce da zafin ga ya yi zafi wuta ta yi ta wasa, ta zo ta koma, firigon wani mai butik da nike ba kaya bai riƙe sanyi ba sai leda ta kumbura. Masu duba-gari sunka shigo sunka kwashe duka, sunka ce babu ranar da anka yi kayan babu ranar lalacewa bisa leda. To wannan na ɗauke shi ƙaddara. Abin da ya tada mani hankali da na tahi na gani, rabin abin da anka kwashe ba nawa ba ne. Etiket ɗina ce sak, jar saniyar nan da shuɗin rubutu har da sunan ɗiyata, lambar waya kaɗai anka canza. Yanzu unguwa ta ɗauka yawur ɗin Maman Iklima ya ɓata ma yaro ciki, masu butik ukku sun ce in dakata. Mi zan yi? Ina da rajistar kasuwanci, ina da NIF, patanti ma na biya.

Na Kasuwa: Allah ya mayar da alheri Hajiya. Amma in gaskiya kike so ki canza etiket ki ci gaba da nemanki, doka garin ga ta mai jika ce. Kahin ki gama yawon buro kuɗin kabu-kabu ya cinye jarin.

Juris na Burja: Wa alaikumus salam yaya. Ki yi haƙuri da abin da zan hwaɗa, rajistar kasuwanci da NIF ba su ne ke ba mutum mallakar suna da zane bisa kaya ba. Su shaidar cewa ke ƴar kasuwa ce kuma gwamnati ta san inda za ta amshi haraji, shi ke nan. Mallakar marki wani gida ne daban, OAPI, ƙungiyar ƙasashe 17 da hedikwatarta ke Yawunde ta Kamaru, Nijar na ciki. Dokar da take aiki da ita yarjejeniyar Bangi ce ta 1977, anka gyara ta 1999, anka sake gyara ta a Bamako 2015, sabon gyaran ya fara aiki 2020. Mu nan ba mu da wani ofishin da ke ba da marki na Nijar kaɗai, in kin aje dosiye ta hannun AN2PI, hukumar da ke wakiltar OAPI a Yamai, ita ke turawa can, in anka amsa kariyar ta shafi ƙasashen 17 duka har shekara 10, kuma ana sabuntawa. Abin da ke da tsoro, ƙa'idarsu wanda ya riga ajewa shi ne mai shi. Ke nan waccan da ta kwaikwaye ki in ta riga ki kai dosiye, ke ce za ki koma kina bayani. Akwai ƙofa ga wanda ya riga aiki da sunan ya yi jayayya amma lokacinta gajere ne kuma sai da shaida.

Maman Iklima: Innalillahi. Sunan ɗiyata da na haihwa wata ta riga ni shi?

Juris na Burja: Haka dokar take yaya. Amma kar ki firgita, mai satar etiket ta yawur ɗin dala ashirin da wuya ta tahi Yamai aje marki. Kuma ko ba ki yi rajista ba ba a bar ki hannu sake ba, cikin yarjejeniyar akwai rataye na 8 da ke magana kan gasar da babu gaskiya, wato mutum ya yi abin da zai sa mai saye ya rikita kayanshi da na wani. Da shi ana iya kai ƙara kotu. Sai dai nan ke za ki nuna ke kinka fara, reshi na imprimeri, tsoffin hotuna masu kwanan wata, masu butik da za su tsaya maki. Ki fara tattara su tun yau, kuma ki sa yaro ya sayo leda biyu ta jabun ki aje, in da hali da shaidar wasiye na kotu.

Anti Majiya: Ni ku bar ni in koma kan na farko dan naga kowa ya tsallake shi. Maman Iklima ƙawata ce amma abin da masu duba-gari sunka yi daidai ne, ba ƙaddara ba ce aikinsu ne. Mu da ke likita mu ke ganin yara lokacin bazara, zawo da amai, uwa ta ce ba ta ba shi komi ba sai yawur na leda. Madara ba ta da haƙuri. In ɗanyar madarar shanu ce sai an dahwa ta, ko dai digiri 63 minti 30 ko 72 sakan 15, dan tarin huka da burusela duk ana ɗaukarsu cikin ɗanyen nono. In madarar gari ce to ruwan da anka dama da shi shi ne abin dubawa. Bayan nan sanyi, ƙasa da digiri 5, daga gidanki har hannun yaro. In sanyin ya yanke tsakani ƙwayoyin da ke ciki sun ci gaba da aiki, shi ne kike ganin leda ta kumbura. Kuma da akwai kwanan wata da lambar kwaɓi bisa ledarki ƙawata da tun ranar an rarrabe naki da na jabu, ba sai kin rantse ba.

Maman Iklima: Anti wallahi ruwana sai na tafasa, kin shiga kicin ɗina kin gani. Kwanan watan ne dai ban sa ba, na ga kowa ba ya sawa.

Anti Majiya: Na sani, ni ma ƴaƴana naki suke sha. Kashe, wato hatimi, na kwanan wata irin na buro ki saya da tawada, ki buga bisa etiket kahin ki liƙa.

Ɗan Tibiri: Da Anti ta ambaci ruwa sai jikina ya yi sanyi. Mu mutanen Tibiri ba a yi muna wa'azin gwajin ruwa. Yaran da sunka sha ruwan fanfo mai fuliwor da yawa shekarun 1980 da 1990, haƙora sunka yi ja, ƙafahu sunka lanƙwashe, yau manya ne muna zaune da su gari guda. Ruwan garai-garai yake ba wari ba launi, tafasawa ma ba ta fidda shi. Abin da zai gano shi labo ne kawai kuma ba a gano ba sai da aikin gama ya gama. Dan haka in na ji ana cewa doka ta mai jika ce raina na ɓaci, mai jika ruwan kwalba yake sha, talaka shi ne ba ya da kowa in babu mai dubawa.

Na Kasuwa: Ɗan Tibiri ban musa maka ba, Allah ya ba su lafiya. Amma dubawar ta tsaya ga leda ashirin ta mace mai neman na cefane? Ku shiga babbar kasuwa ku ga kayan gwangwani da biskit da lemu masu shigowa ta Ɗan Isa, wasu an goge kwanan wata an buga sabo. Wake kuma fa? Wa bai san ana zuba mishi piya-piya da ƙwayar bam cikin sito ba?

Bakatsine: Salam jama'a, ni daga Katsina nake bin ku, matata ƴar Maradi ce. Maganar wake da Na Kasuwa ya kawo mu ta taɓa cin mu. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda an samu maganin ƙwari dikulobos ya wuce ƙima, shi ne dai sinadarin da ke cikin piya-piya. Manomi da ɗan kasuwa na gari da mugu duk aka haɗa aka rufe musu ƙofa. Mu a nan NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ke wannan aikin tun 1993, kuma ko ruwan leda za ka yi sai da lambarta a jiki. Zamanin marigayiya Dora Akunyili aka hana sa buromet a burodi, aka ƙona jabun magunguna a bainar jama'a, mutane suka fara juya kaya suna neman lamba kafin su saya. Amma kada in yi muku daɗin baki, yau lambar ma ana buga ta jabu. Abin da ya rage dai shi ne idan an kama mutum akwai takardar da za a kama shi da ita.

Malamin Gona: Kan wake, magani na nan gabanmu mu ne ba mu ɗauka. Buhun PICS mai ruɓi ukku, leda biyu ciki buhu guda waje, ka shanya wake ya bushe ƙarau ka ɗaure kowace leda daban, iska ta ƙare ƙwaro ya mutu ba ka sa ko ɗigon guba ba. Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi kuma masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, nan Maradi na cikin waɗanda sunka yi ta gwada shi ga manomanmu. Ta gefen doka kuma maganin ƙwari ba ya halatta ƙasashen CILSS, ƙungiyar yaƙi da hwari ta Sahel, sai kwamitin Sahel na magungunan ƙwari da ke Bamako ya amince da shi, amma tahi kasuwar ƙauye ranar ci ka ƙirga kwalabe nawa ke da wannan izini. Gujiya ma haka, in ba ta bushe da kyau ba anka tara ta tana yin hunhuna mai dafin afalatokisin, ba ya mutuwa da suya, shina bin ƙuli-ƙuli da tunkuza har cikin tukunya, kuma hanta yake ci a hankali. Wanga ya fi yawur ɗin da ya kumbura haɗari dan shi ba ya nuna kanshi.

Kawu Admin: Malam mun gode amma kar mu bar baiwar Allah tsaye bakin hanya mu tahi gona. A koma kan tambayarta.

Mai Sola Bagalam: Kawu ai tushen maganar wuta ce. Da firigon mai butik ya yi sanyi da babu leda mai kumbura, da duba-gari ba su kwashe ba, da har yau ba ta san ana satar mata etiket ba 😂 Hajiya ki yi haƙuri. Mu Maradi da Damagaram kuran ɗinmu mafi yawa ta layin Katsina yake shigowa, mai kilobolt 132, ya biyo Gazawa ya rabu. Kahin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar ga daga Najeriya ake sayo ta. Kowa ya tuna watan Agusta na 2023 da CEDEAO ta sa takunkumi anka yanke, ba a maido ba sai Maris 2024 bayan an ɗage takunkumin 24 ga Fabrairu. Masu ƙanƙara da masu yawur nawa sunka rufe wancan lokaci? Waɗanda sunka tsira masu pano ne. Gurup ba ya fidda mutum, tun da Tinubu ya cire tallafin mai 2023 ruwa-ruwa ya daina araha, ko da anka rage esansi zuwa 499 a 2024 in ka kunna gurup dan yawur na dala ashirin kai ke biyan mai saye ya sha.

Na Kasuwa: Ga shi nan, dama na san talla za ka yi muna.

Mai Sola Bagalam: In talla ce ma ta halal ce Alhaji. Ƙasar da Abdu Mumuni ya yi ta bincike kan hasken rana tun shekarun 1960 har anka sa ma jami'ar Yamai sunanshi, ace yau rana na ƙona mu banza madara na lalacewa.

Maman Iklima: To tambaya, wanda kayanshi sunka lalace dan rishin wuta akwai inda zai kai kuka? Ko sai dai Allah ya isa.

Juris na Burja: Bisa takarda akwai. Tun Disamba 2015 anka kafa ARSE, hukumar da ke sa ido ga sashen makamashi, lantarki da man fetur na saidawa, cikin aikinta har da duba farashi da shiga tsakanin kamfani da masu kontar in an samu saɓani. Sannan dokar lantarki ta watan Mayu 2016 ita ta buɗe hanya ƴan kasuwa su samar da wuta, mutum ma ya samar ma kanshi, ba dole komi ya hito daga hannu guda ba. Bayan nan an yi tashar rana ta Malbaza mai megawat 7 a 2018, da ta Goru Banda kusa da Yamai mai megawat 30 a 2023, dam ɗin Kandaji mai 130 ana jiranshi. A Yuni 2025 kuma gwamnati ta ce ta maida kamfanin wuta NIGELEC nata gaba ɗaya. Amma yaya ga naki lamarin ban ba ki shawarar bin wagga hanya ba. Kontar ba taki ba ce ta mai butik ce, kuma kahin a biya diyya sai an tabbatar rishin wuta ne ya ɓata kayan ba tsohon firigo ko buɗe-rufe na yara ba. Abin da ke hannunki shi ne yarjejeniya tsakaninki da masu butik, a rubuta ko da shafi guda ne, kaya kwana nawa za su yi, in sanyi ya yanke a kira ki ki kwashe, in ba a kira ba asara ta wa.

Bakatsine: Mu a 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lantarki da ta ba jihohi damar kafa hukumarsu su tsara kasuwar wutarsu. Sai a Afrilu 2024 NERC, hukumar da ke sa ido kan lantarki, ta ce ƴan Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, za su biya naira 225 kowane yunit, daga sittin da wani abu. Ka ga an ɗaura farashi a kan alkawarin awa, idan ba a cika ba ana iya sauke layin zuwa ƙaramin aji. Tunanin yana da kyau, mai sana'ar sanyi ya gwammace ya biya da tsada ya san wuta za ta zauna. Rigimar kullum ita ce wa ke ƙirga awannin.

Ɗan Zariya 2: Ku da kunka yanke muna wuta wata bakwai yanzu ku ne masu koya muna doka?

Bakatsine: Haba ɗan uwa, ni na yanke? Surukaina na Sabon Gari a duhun suka kwana, ni na aika musu fitilar caji.

Kawu Admin: Ɗan Zariya a kiyaye. Nan ba a siyasa, wanda ya sake in cire shi kwana ukku.

Ɗan Rundawa: Ni ina da tambaya ga Juris tunda an taɓo OAPI. Mu gidanmu kilishi muka gada kaka da kakanni. An ce kilishin Nijar ya samu label, mun ji a radiyo an yi biki Yamai, to ni har yau ban ga abin da ya ƙaru cikin aljihuna ba. Kuma ƴan Kano da Kamaru na ta yin kilishi suna saidawa, ba a hana su ba. Label ɗin na mi ne?

Juris na Burja: Babban yaya abin da anka samu a 2023 iri biyu ne. Kilishin Nijar da albasar Galmi sun samu shaidar asalin wuri, irin wadda barkonon Penja da farar zumar Oku na Kamaru da kofin Ziyama na Gine sunka fara samu 2013. Cukun Nijar da fatar jar akuyar Maradi kuma marki na tarayya. Ba kalmar kilishi anka mallaka ba, kowa na iya yin kilishinshi. Abin da anka kare shi ne a rubuta Kilishin Nijar bisa kayan da ba nan anka yi su ba ko ba bisa ƙa'idar da anka rubuta ba. Kuma kariyar ƙasashen OAPI ta tsaya, Najeriya ba ta ciki, Kamaru na ciki. Dalilin da ba ka gani aljihu ba, label ba ya zuwa da kanshi, sai ka shiga ƙungiyar masu sana'ar ka bi kundin ƙa'ida, irin nama, yanka, inda ake shanya, tsabta, ƙunshi, a zo a duba ka kahin a ba ka izinin liƙawa.

Ɗan Rundawa: Ato. Ke nan shanya bisa gadon kara bakin titi ƙuda na sauka ba ta wucewa.

Anti Majiya: Kai ka hwaɗa da bakinka 😂

Ɗan Rundawa: Anti ƙudan nan shi ne albarkar. A'a wasa nike, gaskiya mai saye na Abijan ko Faransa ba ya amsar kilishi cikin takardar siminti. Amma ragar shanya da injin liƙe leda kuɗi ne, injin kuma wuta yake so, mun koma gun Mai Sola.

Malamin Gona: Kawu ka yi mani izini in ƙara guda kan albasa dan ta yi kama da na Maman Iklima. Shekarun baya wani kamfanin iri na Senegal ya kai takarda OAPI yana neman a ba shi mallakar irin albasa da sunan Galmi, irin da manoman Galmi da kewaye sunka yi shekara da shekaru suna zaɓe suna ajiya. Sai da manoma da ƙungiyoyi da gwamnati sunka tashi sannan anka janye sunan. Da an yi shiru da wata rana mai gona a Galmi ne za a ce ma ba ya da izinin saida iri da sunan garinsu. Fatar jar akuyarmu ma tun zamanin ayari take ƙetare hamada, Turawa na kiranta fatar Maroko dan ta can take isa hannunsu.

Na Kasuwa: Duk na ji. Amma ku hwaɗa mani, mace mai cinikin jika goma sha biyar a wuni ta ina za ta biya kuɗin marki, ta biya gwajin labo, ta sayi pano da batir? Wanda ya rubuta dokokin ga bai taɓa dama yawur ba.

Hajiya Ali Ɗan Sofo: Alhaji ita kaɗai ba ta iyawa, shi ya sa ba a yi ita kaɗai. Mu mata tara ne masu man gujiya da garin kunu, munka yi gurupma da takarda, muna adashe duk Juma'a. Da kuɗin adashe munka aika samfur LANSPEX, labo na gwamnati da ke Yamai, anka gwada, sakamakon na cikin leda bisa bango duk wanda ya zo dubawa shi muke fara nuna mishi, murya ma sai ta sauka. Yanzu muna bin maganar shaidar ANMC, hukumar ma'auni da inganci, dan manyan kantuna da masu baje koli suna tambaya. Ba sauƙi, an maido mu sau biyu kan wurin aiki, sun ce ba a haɗa shi da kicin na gida da awaki na yawo. Ɗiyata Maman Iklima ki zo gida ranar Juma'a bayan la'asar ki ga yadda muke yi, ku masu yawur na Zariya kun hi goma, firigon sola guda babba ya ishe ku farawa.

Maman Iklima: Na gode inna, in sha Allah ina tahe. Amma ku ji sabon labari. Yanzu ƙanen maigida ya dawo, na aike shi ya bi lambar da ke bisa jabun. Wata mata ce can Burja, kuma wai ba ta ɓoye ba ko kaɗan, ta ce ita ma ɗiyarta Iklima, ta tahi imprimeri ta ce a yi mata etiket ta yawur sai yaron wurin ya buɗe ordinatar ya nuna mata wannan ya ce ga mai kyau, ya canza lamba ya buga mata. Imprimerin da nike kai aikina ne hwa. Ni na biya shi jika biyar ya zana mani ita shekara huɗu da sunka wuce.

Na Kasuwa: 😂😂 Ashe ɓarawon na cikin gida.

Ɗan Zariya 2: Sunan imprimerin Hajiya, mu yi mishi talla.

Kawu Admin: Ba a sa sunan kowa nan. Maman Iklima kar ki rubuta.

Juris na Burja: Yaya ki ba ni amsar abu biyu. Lokacin da kinka biya jika biyar an rubuta cewa zanen ya zama naki? Kuma saniyar shi ya zana ta ko daga intanet ya ɗauko?

Maman Iklima: Ba a rubuta komi ba, reshi ma ban tuna ko ya ba ni. Saniya kam gabana ya ɗauko ta Google, ni na ce ya maida ta ja.

Juris na Burja: To an zo wurin. Zane haƙƙin mai ƙirƙira ne, wannan ɓangaren BNDA, ofishin haƙƙin masu ƙirƙira na Nijar, ke kula da shi, kuma shi ba ya buƙatar rajista, da an ƙirƙira ya tabbata ga wanda ya yi. Biyan kuɗin aiki kaɗai ba lalle ba ne ya maida shi naki in ba a rubuta an sallama maki ba. Ke nan bisa tsarin etiket yaron na iya cewa nashi ne, saniya kuma ba taki ba ba tashi ba, ta wani ce can da bai san da Maradi ba, kuma marki da anka gina bisa hoton wani ana iya rushe shi. Abin da ya rage maki mai ƙarfi shi ne shekara huɗu da mutane sunka san kayanki da wagga kama, shi ma mai imprimeri ya san haka lokacin da ya buga ma wata. Ni da ni ne ba kotu zan fara ba. Sabon zane, saniyar da wani ya zana da hannu ya sa hannu ya sallama maki, suna da ƙarin wata kalma taki dan Iklima kaɗai suna ne da kowa ke raɗa ma ɗiyarshi, wurin kwanan wata, adireshi. Shi za a kai AN2PI, ke ko gurupma ɗinku.

Na Kasuwa: Ke nan bayan duk Faransancin ga an dawo maganata ta farko, ta canza etiket.

Juris na Burja: Ta canza da takarda Alhaji, kai cewa ka yi ta canza ta yi shiru, wata shida a sake buga ma wata.

Anti Majiya: Ni abin da ya dame ni matar Burja. In yawur ɗinta ne ya ɓata ma yaron ciki gobe ma za ta dama. Inna Hajiya ko a gayyato ta Juma'ar ita ma?

Hajiya Ali Ɗan Sofo: In Maman Iklima ta yarda ƙofata buɗe take.

Maman Iklima: Inna ki bar ni in huce tukuna, wagga Juma'a ni kaɗai zan zo. Gobe da safe dai ni da yayan maigida za mu imprimerin, shi ya san uban yaron. Juris dan Allah turo mani ta waya abin da ya kamata ya rubuta ya sa ma hannu, da Faransanci da Hausa, kuma ina so ya goge fishiyen gabana. Akwai wanda ya san ɗalibi mai iya zanen saniya?

Ɗan Tibiri: Ƙanena na lise yana zane, amma rago ya hi iyawa.

Maman Iklima: Ba a tatsar rago. Ya gwada saniya ya turo in gani.